Bencin Yoila

Abakar ɗan dillalin shanu ne daga Dusuman, amma tun yana saurayi ya rantse shi kam ba zai tsufa yana duba haƙoran bijimi ba. Ya koyi gyaran kwamfuta, ya buɗe shago a Mairi, kusa da jami'a, yau shekara goma sha ɗaya. Kuma ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa zai shaide shi.

Ciwonsa ɗaya ne, Linux, manhajar nan ta kyauta mai iri-iri da ake ɗora wa kwamfuta a madadin Windows. A wurin Abakar, Arch ce kaɗai ta isa, wadda sai ka yi ta rubuta mata umarni a baƙin allo kafin ta motsa. Ubuntu? Ta 'yan koyo ce. Mint? Tab! Ai wannan kunun jarirai ne.

To, bara sai ga Yoila, mutumin Biu, ya kama shagon da ke kallon nasa. Mint ɗin nan da aka rena ita yake ɗora wa tsofaffin kwamfutocin ɗalibai. Kafin wata shida, benci biyu ba sa isar masu jira a ƙofarsa. Abakar kuwa yana zaune da fanka da ƙudaje, yana kallo, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Shi ne fa gwanin unguwar! In Yoila ya gaishe shi da Barbarci, "Wushe, Ya Abakar," sai ya amsa ciki-ciki.

Matarsa Munawwara tana digiri na biyu. Ita ma Arch ya ɗora mata, wai matar Abakar ba za ta riƙe abin yara ba. Saura kwana biyu ta miƙa kundin bincikenta, ya ɗauki kwamfutar zai sabunta mata manhaja, ba ta ko roƙe shi ba. Ya san batirin ya daɗe da mutuwa. Ana tsakar aiki janareta ya yi tari ya tsaya, kwamfuta ta ƙi tashi.

Kafin la'asar ya ceto mata komai, ko wasali bai ɓace ba. Ya kai mata gida yana jiran yabo.

"Baban Adam," in ji ta, "don Allah kai wa Yoila ya sa mini Mint irin ta ƙawayena. Shekara biyu ke nan, duk aikin da ya matse ni a kwamfutar ƙawata Tabitha nake yi. Tsoron wannan nake ji."

Kai! Da mari ta yi masa da ya fi sauƙi.

Washegari ya tsallaka titi rungume da kwamfutar, ɗalibai na kallonsa. Yoila ya miƙe da sauri ya ba shi kujerarsa.

"Ya Abakar, ni ban kai ka sani ba, sai na tambaya nake gane wadda ta dace da mutum. Me uwargida take yi da ita? Rubutu kaɗai, ko har da taswira? A kan me take bincike?"

Abakar ya buɗe baki. Ya san kowace ƙusa da ke jikin kwamfutar nan, ya san ranar da ya sauya mata fanka. Amma abin da Munawwara ta shekara biyu tana rubutawa a cikinta, wallahi bai sani ba.

Ya zaro waya a hankali. "Bari in kira ta," ya ce.