Babin Da Aka So In Cire Wa 'Yan Hijira

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da shugaban sashenmu ya kira ni ofis ba. Lokacin ina ƙaramin malami a wata kwalejin kiwon lafiya a Jimeta, shekarar da masu gudun hijira suka cika gari. An kawo mana ɗalibai daga makarantun da aka rufe, aka haɗa su da namu.

A ƙa'idar aikinmu, malami yakan miƙa jerin darussansa shugaba ya sa hannu. Na tarar ya ja jan biro a kan babin kainez.

Ga waɗanda ba su sani ba, umarnin gina jiki a rubuce yake cikin cibiyar kowace ƙwayar halitta, amma ba duka ake karantawa lokaci ɗaya ba. Kainez wani furotin ne da ke liƙa wa wasu furotin sinadarin fosfet. Wannan liƙawar ce ke sa su buɗe wani sashe na umarnin a kwafe shi, ko su rufe. In kainez ya ƙi tsayawa, ƙwayoyi sai su yi ta hayayyafa, har ya kai ga ciwon daji.

Shugaban ya ce, "Koya wa namu. Baƙin nan kuwa ƙwaƙwalwarsu ba za ta ɗauka ba. Ba su maki su wuce."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, gobe asibiti ɗaya za su yi aiki."

Ya ce in na ƙi, zan ga takardar tuhuma. Na ƙi, na kuma gan ta.

Duk Asabar sai in tara baƙin ɗaliban a gidana a unguwar Limawa in ƙara musu karatu. Cikinsu akwai Falmata, 'yar Borno, wadda ta baro littattafanta duka a garinsu. Ranar jarrabawar baka, mai jarrabawa daga waje ya tambaye ta kainez. Ta tashi ta zana komai a allo, daga bangon ƙwaya har cibiya. Shugaba na zaune, ya riga kowa tafi, har yana cewa, "Haka muke horar da su a nan."

Takardar tuhumar tana cikin fayil ɗina har na yi ritaya, kuma ta ja mini jinkirin ƙarin girma. Ku da kuke fara koyarwa, ku lura: a aikin nan, wanda ya ce a tausaya wa ɗalibi a rage masa karatu, sau da yawa ya riga ya raina shi ne.