Kukan da Inna Ba Ta Yi Mini Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, wadda mutanen Gubuchi ke kira Inna Mai Albasa. Ba sayar da ita take yi ba. A gidan biki ta samo sunan: za a zube mata kwando guda ta yanke shi tas, matan da ke gefenta suna ta sharar hawaye da majina, ita kuwa idonta ƙamas. Kowa ya yarda laƙani gare ta. Har daga Kudan an taɓa aiko mata da turmin atamfa don ta faɗi sirrin. Ta mayar da shi, ta ce, "Wa ya gaya muku ba ta yi mini zafi?" Aka yi dariya, aka ce rowa ce kawai.

Ni kuwa tawa damuwar daban ce. Mu biyar ta aurar, ni ce auta. Ranar da za a kai Yaya Rabi, 'yar farin da ya kamata a yi wa kara, Inna ta yi kukan da sai da aka riƙe ta. Shekara goma sha huɗu bayan nan aka lulluɓe ni za a kai ni Ikara. Na durƙusa gabanta ina kuka, na ɗaga mayafi na saci kallonta. Tana ta ƙifta ido, amma ko ɗigo babu. Ta ce, "Ki yi haƙuri da mutane, Auta," sai ta miƙa hannu ta ɗauki kofin ruwa. Kofin nan ya tsaya mini a rai. Ina rabuwa da ita, ita ƙishirwa ce ta dame ta. Ban taɓa tambayarta ba, kuma gaskiya ban huce ba har ta koma ga Allah.

Bara, bayan al'adata ta ɗauke, idona ya fara yi mini kamar an watsa yashi. Loma ba ta wucewa sai da ruwa. Wata rana ina yanka albasa, zafi ya soke ni har cikin ka, na jira hawaye, shiru. Na ajiye wuƙar na zauna. Ashe laƙanin ne na gada.

A Zariya wata likita ta maƙala mini 'yar siririyar takarda a gefen ido, ta jira, ta cire ta kusan a bushe. Bayan gwajin jini ta ce garkuwar jikina ce ta juya tana yaƙar wurin da ke haɗa hawaye da yawu. Na tambaye ta me ya sa sai yanzu. Ta ce ciwon ya fi kama mata nesa ba kusa ba, galibi a irin shekaruna. Akwai sinadaran jiki da ke bambanta mace da namiji, kuma ana kyautata zaton na mazan yana kare wurin hawaye. Mu kaɗan muke da shi, in girma ya zo kuma ya ƙara raguwa.

A mota na yi ta lissafi da yatsu. Lokacin auren Yaya Rabi, Inna tana goyo. Lokacin nawa ta haura hamsin.

Ina yawan tunanin abin da za ta ce da ta ji wannan bayani, ita da ko rediyo sai ta mayar wa tambaya. Na san za ta riƙe haɓa ta ce, maza da ake hana su kuka, su aka ajiye wa hawaye? Da ta ga 'yar kwalbar ruwan hawayen da likitar ta ba ni nake ɗiga wa idona, sai ta juya ta sama da ƙasa tana son sanin hawayen wa aka tara a ciki.

Na kira Yaya Rabi a waya na ba ta labari. Ta ce, "Ke ba ki sani ba? Bayan an tafi da ke kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Ni ta gaya wa cewa kukan yana nan, hanyar fita ce babu."

Na so in yi kuka a lokacin, kuma na yi, irin nata.

Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar laƙani ba. Ta bar mini idonta, da kofin da na riƙe ta da shi shekaru barkatai. Bayan girbi za a kai 'yata Bilkisu ɗakinta a Maƙarfi, don haka na zaunar da ita tun yanzu na gaya mata komai, kada ita ma ta ɗaga mayafi ta tafi da abin da na tafi da shi. Ta saurara har na gama, ta ce, "To Mama, ki ajiye kofin kusa. In na ga kin ɗauka, na san kuka kike yi."