Awabu da Injin Ganin Ƙashi

Duk wanda ya zauna a unguwar Mamobi ta birnin Akara a shekarun da ake haramar karɓar mulkin kai ya san Awabu mai shinkafa da wake. Rumfarta tana bakin babbar kwatar nan da ta ratsa unguwa, kuma tun kafin rana ta yi zafi leburori da direbobin turoturo, wato ƙananan motocin haya, sukan yi layi a gaban tukunyarta. 'Yar Salaga ce. Gwaggonta ta kawo ta Akara tana ƙarama, ta girma da tulun ruwa da daron kaya a ka, har mutane kan ce kayan ne suka hana ta tsawo. Gajera ce sosai, mai ƙananan hannaye, ga saurin dariya. Mijinta Jalilu yana dakon buhunan koko a bakin teku.

Dariyar ta ragu bayan haihuwarta ta fari. Ta yi kwana da kwanaki tana naƙuda a ɗaki, Inna Damata ungozoma tana kanta, daga ƙarshe ɗan ya fito ba rai. Na biyu ma haka, sai dai a wannan karon ita kanta ta leƙa kabari, ta yi watanni tana jan ƙafar hagu. Da ciki na uku ya shiga, ba ta gaya wa kowa ba. Ta riƙa ɗaure zane sama-sama, in ɗan ya motsa tana zuba wa mutane abinci sai ta tsaya da ludayi a hannu har ya lafa.

Inna Damata ce ta fara ganewa. Wata safiya ta tsaya a rumfar, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Awabu, wannan karon kada ki aiko a kira ni."

"Inna, me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba, 'yar nan. Hannuna ya kai iyakarsa a kanki. Akwai matar asibitin nan da take zagayawa gida-gida, ki saurare ta."

Matar da take nufi ita ce Sista Akwele, wata nas 'yar ƙabilar Ga wadda ta koyi Hausar zango a kasuwa, kowa "kai" take ce masa, mace ko namiji. Likitocin babban asibitin gari ne suka turo ta. Suna wani bincike a kan matan da haihuwa take tsaya musu, suna son su gano ko za a iya sanin wadda za ta sha wuya tun kafin naƙuda ta zo, ta hanyar auna ƙashin ƙugunta da injin da ke ɗaukar hoton cikin jikin mutum.

Labarin injin ya riga Sista isowa unguwa. A bakin famfo mata suna cewa yana shan jini a hankali. Wata ta ce kurwar mutum yake kamawa ya manna a takarda, Turawa su tafi da ita ƙasarsu. Wata kuma ta rantse akwai wata matar unguwar Lagos Town da ta shiga ɗakin injin, tun daga nan ba ta sake ganin al'ada ba. Awabu ta ji duka, ta ɗauki tulunta ta koma gida.

Jalilu bai tilasta mata ba. Ya ce, "Mu ma an jera mu an ɗauki hoton ƙirjinmu lokacin da tari ya yi yawa a wurin aiki. Ga ni nan, ban rasa komai ba."

"Maigida, kai ba ka da wani a cikinka."

Ya ce, "Haka ne. Amma na haƙa rami sau biyu, Awabu. Ba na son na uku, kuma ba na son in haƙa babba, naki."

Maganar nan ce ta kai ta asibiti. Ɗakin hoton yana can ƙarshen wani dogon zaure, ba taga, sai warin magani. Aka ba ta wata riga mai buɗaɗɗen baya, aka kwantar da ita a kan tebur mai sanyi, aka jawo wani ƙaton kan ƙarfe ya tsaya daidai saman cikinta. Mai aikin injin ya gyara mata ƙafafu, ya ce ta riƙe numfashi, sai ta ga ya wuce da sauri ya laɓe bayan wani bango mai 'yar tagar gilashi. Sista ma ta fice. Ita kaɗai aka bari da abin. Ta ji ya yi wani gunji a ciki-ciki, ta runtse ido tana karanta duk abin da ya zo bakinta, tana jiran zafi. Zafin bai zo ba, kuma hakan ya fi tsorata ta, don ba ta san inda abin ya taɓa ba.

Da ta koma ganin sakamako, likitan, wani ɗan ƙasa mai tabarau da ya yi karatu a Turai, ya ɗaga baƙar takardar hoton ya manna ta a jikin fitila. Awabu ta ga ƙoƙon kai, ta ga haƙarƙari sirara kamar ƙayar kifi, ta ga ƙashin baya a lanƙwashe. Ba nama, ba fuska. Ita dai a saninta ba a ganin ƙashin mutum sai ya mutu ya ruɓe.

Ta dafe ciki ta ƙwala ihu. "Ya mutu! Kun kashe mini shi!"

Sista Akwele ta riƙe ta. "Kai, Awabu, tsaya! Yana da rai. Kawo hannunka." Ta danna tafin Awabu a gefen cikin, suka jira, har ɗan ya yi shuri. Sai a lokacin ta yarda ta zauna, amma ba ta sake ɗaga ido ta kalli fitilar ba.

Likitan ya yi bayani, Sista tana mayarwa da Hausa. Ƙofar ƙashinta ƙarama ce, kan ɗan kuma ya fi ta. Ba maita ba ce, ba laifin ungozoma ba ne, ko sau goma za ta yi naƙuda haka za a yi ta yi. Hanya ɗaya ce, ta zo ta kwanta a asibiti kafin lokaci, a sa ta barci, a yanka cikin a ciro ɗan.

Awabu ta san mace guda da aka yi wa haka, Sala ƙanwar maƙwabciyarta, kuma gawarta aka dawo da ita a bayan mota. Ta faɗa wa likitan. Ya cire tabarau ya ce wadda aka kawo bayan ta galabaita daban take da wadda ta zo da ƙafarta, amma ba zai ce mata babu hatsari ba.

Wannan gaskiyar da ya faɗa ita ta riƙe, sauran duk ta watsar. Ranar da aka ce ta koma ta zo ta wuce tana gaban tukunyarta. Sista ta zo nemanta, ta ɓuya a ɗakin maƙwabta. Duk wuƙar da ta gani sai tsigar jikinta ta tashi, har ta daina zuwa wurin mahauta a Kasuwar Malam Atta, ta koma sa kifi a miya. A ƙarshe ta yanke shawarar guduwa Salaga wurin dangin uwarta, in ma mutuwa ce ta mutu da cikinta a rufe.

Wata safiya bayan Jalilu ya fita aiki ta ɗaure 'yan kayanta ta nufi tasha. Motar arewa ba ta cika ba, ta zauna a kan benci cikin masu jira. Rana ta ɗaga kenan ta ji bayanta ya ɗaure. Ta ce wa kanta zama ne. Ya saki, ya sake ɗaurewa, wannan karon har cikin cinyoyi. Ta san wannan ciwon, ta kuma san inda yake kaiwa. Ta dubi motar, katako da buhuna, ta tuna tafiyar ba ta yini ɗaya ba ce, ga daji ga kogin da sai an jira jirgin fito. Ta ga kanta a kwance a gefen hanya, baƙin mutane sun kewaye ta.

Wata dattijuwa mai sayar da goro ta lura da ita. "Baiwar Allah, lafiya kike gumi haka?"

Awabu ta kama hannunta ta riƙe gam. "Iya, don Allah ki kai ni babban asibiti. Ki ce musu ni ce ta hoton ƙashi."

Abin da ta iya tunawa bayan nan kaɗan ne. Ta tuna gadon da ake turawa da gudu, da fuskokin da aka rufe da ƙyalle sai idanu, da muryar Sista tana cewa, "Kai ka ba mu wahala, Awabu." Ta tuna an kifa mata wani abu a hanci mai wari mai hawa kai, ta yi ƙoƙarin tuge shi aka danne mata hannaye. Ta yi kalmar shahada da yaƙinin cewa ita ce ta ƙarshe.

Ta farka da amai da wani zafi a mara kamar an ɗora mata garwashi. Ta kasa kunne, ba ta ji kukan jariri ba. Ta taɓa cikin ta ji ya sauka, an naɗe shi da bandeji. Ba ta tambayi kowa ba, don ta riga ta san amsar da ta saba ji. Ta juya fuska ga bango. Tana haka aka taɓa kafaɗarta, ta ga Jalilu da kayan aikinsa a jiki, ƙurar buhu har gashin ido, yana riƙe da wani ƙunshi kamar mai tsoron kada ya fashe.

Ya ce, "Mace ce. Barci take yi."

Aka sa mata suna Madina. Bayan arba'in Awabu ta koma rumfarta, mata suna zuwa a ɓoye su roƙi ta nuna musu tabon. Wasu da suka gani sun bi Sista, wasu kuma tabon ne ya sa suka ƙi. Ita dai ba ta taɓa ce wa kowa je ki ko kada ki je ba. Lokaci-lokaci takan kai yarinyar a auna ta, domin likitocin sun roƙi su riƙa ganin 'ya'yan matan da suka shiga binciken.

Madina ta fara wayo lokacin da Awabu ta sake samun ciki. Ta je asibiti da ƙafarta, ta shirya wa ɗakin nan mara taga, sai Sista ta ce ba za a yi hoto ba.

"Injin ya lalace ne?"

Sista ta ce a'a, likitoci a wasu ƙasashe sun bi diddigin yara da yawa, sun ga alamar cewa hasken injin yana iya cutar da ɗan da ke ciki, kaɗan daga cikinsu sukan kamu da ciwon jini daga baya. Shi ya sa yanzu ba a yi wa mai ciki sai dole. "Kaɗan ne ƙwarai, Awabu. A cikin namu ba mu ga ko ɗaya ba."

Awabu ta dubi Madina da ke tsugune a ƙasa tana wasa da marfin kwalba. "Lokacin da kuka sa ni a ciki, kun sani?"

"Ba mu sani ba. Wallahi ba mu sani ba."

Ta yarda da ita, amma yardar ba ta rage komai ba. Ta tambayi alamomin ciwon, Sista ta faɗa mata ba da son ranta ba: yawan zazzaɓi, fari a ido, jini a dasashi, tabo a jiki ba tare da faɗuwa ba. Aka ciro ɗanta na biyu mai rai, Jamiu, ta hanyar yanka kamar yayarsa, likita ya ce daga shi a tsaya. Shi ba ta taɓa damuwa da shi sosai ba, yana birgima a ƙasa yana cin abin da ya samu. Madina ce ba ta da sakat.

A wata damina zazzaɓi ya kama yarinyar, ya ƙi sauka, idanunta suka yi fari fat. Awabu ta bar tukunya a kan wuta, ta goya ta duk da girmanta, ta fita ba mayafi. A asibiti aka ɗebi jinin yatsa aka shiga da shi ciki. Ta zauna a kan benci ba ta iya ko addu'a, tana kallon ƙofar. Da likitan ya fito ya ce zazzaɓin sauro ne da tsutsar ciki, sai ta sa shi ya maimaita, sannan ta sulale ƙasa ta fashe da kuka, mutane suna ba ta haƙuri a zaton rasuwa aka yi mata.

Madina ta warke, ta shiga makaranta, ta yi tsawo har ta wuce uwarta tun ba ta gama firamare ba. Ciwon bai taɓa zuwa ba. Amma kowace safiya, kafin ta ɗauki jakarta, sai Awabu ta tsayar da ita a bakin rumfa, a gaban masu sayen abinci, ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa, ta ce ta buɗe baki.

"Mma, mutane suna kallo," in ji yarinyar, tana turo baki.

"Su kalla. Ɗaga leɓen."

Sai ta duba dasashin sama da na ƙasa, ta juya hannayenta ta dubi bayansu, sannan ta cusa mata ƙunshin shinkafa mai zafi a jaka ta ce ta yi sauri kada ta makara.