Kulas ɗin da na goge kamar madubi

Na fi shekara talatin ina aikin kanikanci a Filinge, kuma yawancin motocin da suka bi ta hannuna na manta da su. Amma akwai aiki guda wanda ba zai fita daga zuciyata ba har ranar da za a kai ni makwancina. Zan faɗe shi daki-daki kamar yadda ya faru, domin ni ban iya ba da labari a hargitse ba.

Da farko sai na bayyana abin da ake kira kulas, saboda wanda bai san cikin mota ba. Kulas shi ne kan inji, ƙarfen da ke rufe samansa. A cikinsa akwai ramuka iri biyu: waɗanda iska da mai ke bi su shiga, da waɗanda hayaƙi ke bi ya fita. Ramukan nan sukan zo da ƙuraje da tudu-tudu na zubin ƙarfe. Idan makanike ya san hannunsa yakan gurje su, ya daidaita bakinsu, sai inji ya samu numfashi, ƙarfinsa ya ƙaru.

Maigidana ne ya koya mini wannan aiki. A lokacin da nake magana ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, ya bar mini garejin, sai dai kullum yakan zo ya zauna a kan benci a inuwar rumfa. Tun ina koyo ya gaya mini abu biyu. Ya ce, "Ramin hita ka goge shi har shi yi santsi. Ramin shiga kuwa ka bar mashi kaushi kamar halshen kyanwa, kuma kada ka buɗe shi da yawa." Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. A raina na yanke cewa ganin tsoho ne ya ragu, shi ya sa yake barin aiki rabi. Ni kuwa mutum ne da ba ya son ganin kaushi a ko'ina. Maɓallaina na kwance noti a jere suke daga ƙarami zuwa babba, kuma ina da ɗan littafi da na rubuta matakan aikin kulas guda bakwai a ciki.

Ina da taubashi direba, mai tsohuwar mota buɗaɗɗiyar baya, irin wadda muke kira bashe. Ita kaɗai ce motar da ke zagaya wasu ƙauyuka na cikin Kurfai, tana kwaso mutane da hatsi da awaki ranar kasuwa. Hanyarta duk rairayi ce, kuma akwai wani kwari mai faɗi da dole sai ta ratsa shi. Farkon damina ya kawo mini ita.

"Bawana, mai ƙa'ida," in ji shi, "tsohuwar ga ta hwara gajiya. Ba gudu nika so ba, ja nika so. In na shiga rairayi da kaya, ta hidda ni."

Na ce, "Kai dai tuƙi ka sani, shi ma da kyar. Ka bar wa masu aiki aikinsu."

Ya yi dariya ya tafi. Maganarsa ta ƙarshe ita ce dukan abin da ya kamata in riƙe, amma ba ta cikin littafina, don haka na bar ta ta wuce.

Kwana huɗu na yi a kan kulas ɗin. Na sauke shi, na cire supap, wato ƙarafan da ke buɗe ramukan suna rufewa, na jera su bisa tsarinsu, na wanke, na shata bakin kowane rami. Sannan na ɗauki ƙaramin injin gurza na shiga cin ƙarfe. Ramukan fita na yi musu daidai yadda aka koya mini. Da na zo ramukan shiga sai na ce yau zan yi aikin da tsoho bai taɓa yi ba. Na buɗe su sosai, har yatsuna biyu suna shiga inda da ɗaya ke shiga. Na bi su da magagari, na bi da takarda mai kaushi, na bi da mai laushi, har sai da na ga hasken rana yana wasa a ciki kamar madubi.

Kafin in ɗora shi na kai wa maigidana, ina jiran yabo. Ya sa yatsa a ramin shiga, ya juya.

"Ka ci ƙarhe da yawa, ɗana," in ji shi. "Ina motar ga taka bi?"

Na ce, "Hanya mana, Baba."

Ya janye yatsansa ya goge a rigarsa. Bai ƙara magana ba. Yau na san shirun nan tambaya ce yake jira in yi masa, ni kuwa na ɗauke shi a kan ya rasa abin kushewa.

Muka gwada motar a kan kwaltar da ta nufi Yamai, babu kaya, babu fasinja. Ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Taubashina yana dukan sitiyari yana cewa tsohuwa ta koma budurwa. Na rufe littafina na ce aiki ya kammala.

Bayan mako guda ya dawo fuska ba walwala. Ya ce a kwalta lafiya lau take, amma da ya shiga rairayi ya sassauta, sai ta riƙa tari tana neman mutuwa. Na ce ƙafarsa ce ba ta iya ba. Ya ce to in zo in gani da idona, idan ban ji tsoron rana ba. Na amsa, ba don in duba aikina ba, sai don in nuna masa kuskurensa.

Muka fita da safe, jajibirin kasuwa. Wajen tafiya babu kaya, ya ratsa kwarin da gudu, ta wuce. Na kalle shi na ce, "To, ina tarin?" Muka zagaya ƙauyuka uku, muka ɗora buhunan hatsi da mutane kamar goma. Muna barin ƙauye na ƙarshe, wajen hantsi, sai ga mutane sun tare hanya suna ɗaga hannu. Sun ɗauko wani manomi a kan tabarma. Yana noma gamsheƙa ta sare shi a ƙafa. Yayansa da matarsa ne suka shigo tare da shi. Aka kwantar da shi a kan buhuna, ni kuma na bar wa matar wurina a gaba, amma ta ƙi, ta ce kusa da mijinta za ta zauna. Sai na koma baya ni ma.

Mutumin yana cikin hankalinsa, har yana magana. Ya ga baƙin mai a farcena, ya ce, "Kai makanike na?" Na ce e. Ya juya wajen matarsa ya ce, "Ki daina kuka. Ga mai gyara cikin mota, babu abin da za shi tsai da mu."

Daga nan zuwa asibitin Filinge bai kai tafiyar awa guda ba.

Muka iso kwarin. Da kaya haka ba a shiga da gudu, sai a hankali, inji yana ja daga ƙasa. Shekaru motar nan tana ratsa wurin a haka. Muka shiga, ba mu kai tsakiya ba ta fara tari, ta yi gurnani sau biyu, ta mutu. Taubashina ya tayar, ya taka mai da ƙarfi don kada ta sake mutuwa, sai tayoyin baya suka yi ta juyawa wuri guda suna haƙa rami, har cikinta ya zauna a kan rairayi.

Na diro na buɗe gaba. Na cire buji na farko, abin da ke ba inji tartsatsin wuta, na same shi jiƙe sharkaf da mai. Na biyu ma haka. A nan, tsaye cikin rana da buji a hannuna, na fahimci abin da ban tambaya ba shekara da shekaru. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu ya san ƙaramar hanya ruwa ke bi da sauri, idan ka faɗaɗa ta sai ya yi kwance. Haka iska take. Na buɗe ramin har iska ta rasa saurinta idan inji yana tafiya a hankali. Kaushin nan kuma da na raina, shi ne ke hana mai kwanciya a jikin rami, ya sa ya gauraya da iska. Da na mayar da wurin madubi, sai man ya riƙa taruwa yana gangarawa ɗigo-ɗigo yana shaƙe inji. Kuma babu maɓalli a cikin akwatina da zai mayar da ƙarfen da na cinye.

Muka sauke buhuna duka. Muka haƙa da hannu, muka saro rassa muka shimfiɗa. Na goge buji na mayar, aka tura, ta yi taku kamar ashirin ta sake mutuwa. Sau uku muka yi haka. Taubashina, wanda bakinsa ba ya hutawa da zolayata, bai ce mini ko kalma ɗaya ba, kuma bai kalle ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tsakanin na biyu da na uku na je inda aka kwantar da manomin a ƙarƙashin wata aduwa. Fatar idanunsa ta sauko, yana ƙoƙarin ɗagawa ba ta ɗaguwa. Magana ta yi masa nauyi. Ya ji motsina, ya ce a hankali, "Sannu, makanike. Ka sha wahala sabili da ni."

Mun yi kusan awa biyu a kwarin. Lokacin da muka hau kwalta motar ta yi ta gudu kamar ranar gwaji, amma numfashinsa ya riga ya zama sama-sama. An shigar da shi asibiti da rai. Kafin la'asar ya cika.

Na tsayar da ma'aikacin da ya karɓe shi, na tambaye shi ko da mun iso awa biyu kafin haka zai rayu. Ya ce, "Malam, wannan ban sani ba. Wataƙila." Da kalmar nan nake kwana nake tashi har yau.

Ranar sadakar uku na je ƙauyen. Dangin mamacin suna ta yi mini godiya, suna gaya wa mutane ga wanda ya haƙa rairayi da hannunsa har yatsunsa suka yi jini. Ban iya ɗauka ba. Na ja yayansa gefe na gaya masa gaskiya daga farko har ƙarshe: motar ba tsufa ya tsai da ita ba, aikina ne. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Kwanansa ne sunka ƙare. Ba ka yi don ka cuce shi ba, mun yahe maka. Amma motar ga ita ɗai muka da. Ka je ka mai da ita yadda take."

Na tafi Yamai na samo wani kulas. Wannan karon na ja benci kusa da maigidana, na ce, "Baba, gaya mini dalilin kowane abu." Ya ce, "Da ka tambaya tun da can, da na gaya maka. Ni ma laihina na, da na ga ramin nan ya kamata in hana ka ɗorawa." Muka yi aikin tare, ni ina gurzawa, shi yana bi da yatsa. Ƙurajen kawai na cire. Gwajin kuma a kwarin muka yi shi, da buhuna cike, ta ratsa ba tari. Sai a hanyar dawowa taubashina ya sake kirana bawansa.

Tsohon kulas ɗin yana nan rataye a bakin garejina, ramukansa har yanzu suna ƙyalli. Baƙi sukan yaba kyawun aikin, ni kuwa in gaya musu shi ne mafi munin aikin da na taɓa yi.

Abin da na koya shi ne, kyawun aiki ba a ido yake ba, yana wurin da za a yi amfani da shi. Ka saurari mai abu har ya gama magana. Idan babba ya hana ka wani abu, ka tambayi dalili kafin ka raina. Matakan littafina yanzu takwas ne. Sabon na rubuta shi a sama da na ɗaya, da kalmomin maigidana: ina motar ga taka bi? Kuma ba na taɓa ƙarfe sai na shiga motar na bi hanyar da kaina.