Rijiyar Kakana a Faranti

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda nake karatun ƙananan halittu, aka ce kowa ya nemo ruwan da zai yi bincike a kai. 'Yan ajinmu suka bazama unguwannin Sakkwato. Ni kuwa, don lalaci, na hau mota na tafi gida Illela, tunda akwai rijiya a ƙofar gidanmu.

Kakana ne ya haƙa ta tun farkon zuwan Nasara, lokacin da ake shata iyaka tsakaninmu da Ƙonni. Sadaka ya yi ta, don fatake da jakunansu. Ya rasu tun ba a haife ni ba, amma duk wanda ya ɗebi ruwan sai ya ce Allah Ya kai ladan kabarinsa. Baba na jin daɗin wannan addu'a fiye da komai.

Na ƙona bakin kwalabe da wuta, na ɗiba, na jera su cikin kular ƙanƙara. Matan unguwa na ta yi mini tsiya, wai boko ya kai ni ga wanke ruwa.

A ɗakin gwaji na shuka ruwan a farantan gilashi. Da na buɗe, sai ga ɗigo-ɗigo kore masu ƙyalli kamar bayan ƙudan bola. Na san su tun aji biyu: ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida ne. Unguwa ta cika, masai sun matso kusa da rijiyar. Na sake gwaji, amsar ba ta canja ba. Malamina ya ce sakamakon ya yi kyau. Ga mai neman maki, gaskiya ya faɗa.

Da na koma gida na sami Baba a zaure.

"Mi kig gani cikin ruwan ga?" ya tambaye ni.

Na gaya masa, har da zancen zawon da yara ke yi duk damina.

"In an tafasa fa?"

"Mu za mu tafasa, Baba. Masu wucewa fa?"

Can ya ce, "Wagga rijiya ita ɗai ta aikin da tsohona ka yi har yau. In na rufe ta, na yanke mishi lada."

Ba a koya mana wannan ba, kuma tausayinsa ya kama ni.

Kafin in koma makaranta ya sa maƙeri ya yi mata murfi da kwaɗo, ya riƙe makullin. Mutane suka koma famfon kasuwa suna gunaguni.

Na ci jarrabawar da maki mai kyau. Shi kuwa Baba, kullum bayan ya dawo masallaci da safe, sai ya buɗe kwaɗon, ya ja guga da hannunsa, ya cika wani tsohon rabin duro, ya tsaya gefe yana jiran jakunan da za su wuce.