Inna Adama da Roba Mai Koren Murfi

Shekara arba'in da ɗoriya Inna Adama ta yi tana dillanci a cikin Daura. Aikinta shi ne shiga gidaje. Matar da ke son rabuwa da atamfa, ko sarƙa, ko kwanukan da suka rage mata na aure, sai ta aika a kira ta. Ita kuma ta ƙunshe kayan, ta aza a ka, ta kai wa wata matar a wata unguwa da ke neman irinsu. In ciniki ya faɗa ta karɓi la'adarta. In bai faɗa ba ta mayar da kaya, ta sha ruwa, ta yi gaba.

A wani ƙauye wajen Mashi aka haife ta, aure ya kawo ta gari. Mijin ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da lafiyar jiki, sai ta kama sana'ar da ba ta buƙatar jari. Ba ta yi boko ba. Wayarta ƙarama ce mai tocila, kuma ba ta karanta sunayen da ke ciki, ta dai haddace ƙarshen lambar kowa. Amma ta san madafar kowane gida tun daga Kusugu har Tudun Wada, domin dillaliya ba a zaure ake tsayar da ita ba, ba a kuma gyara ɗaki saboda zuwanta. Abin da ake ɓoye wa baƙo, ita a kansa take zama.

Shekara uku da suka wuce wani kamfani ya shigo garin ta wayoyin mata. Kayansa wani gari ne da ake damawa a sha, a cikin farar roba mai koren murfi. An ce yana maganin gajiya, da ciwon gaɓoɓi, da wasu cututtuka da masu su ba su san suna da su ba sai da aka karanta musu takardar. Amma ba garin ne abin marmarin ba. Abin marmarin shi ne sana'a daga cikin ɗaki. Mace za ta sayi katan huɗu a ba ta lamba. Daga nan ta kawo mata biyu, ɗaya a ƙafarta ta dama, ɗaya a ta hagu, su ma su sayi katan huɗu-huɗu, su kawo nasu biyu-biyu. Wadda ƙafafunta suka yi tsawo sai a naɗa ta Tauraruwa, a kira ta taro Katsina, a ɗauke ta hoto a jikin wata farar mota.

Fadila ce ta kawo wa ƙanwata Raihana labarin. Ƙawarta ce tun Islamiyya, kuma a lokacin ta riga ta zama Tauraruwa, da hoton motar da komai. Raihana tela ce. Da keken ɗinkinta take yi wa rabin yaran unguwarsu kayan makaranta, da shi take rufa wa kanta asiri ba tare da ta jira hannun kowa ba. Kuɗin katan huɗu ya zo daidai da kuɗin keken, kamar an auna.

Mijinta Yazid, mutum mai gudun gardama, ya ce ta tambayi yayanta tunda shi ya yi karatu. Aka kawo mini takardu. Na duba shaidar rijista, na duba hatimi, na shiga intanet na ga hoton ofishinsu mai gilashi. Na ce mata takardunsu dai sun cika. Ni abin da na faɗa ke nan. Ita abin da ta ji shi ne ta shiga.

Washegari ta aika aka kira Inna Adama don ta nemo wa keken mai saye. Ina gidan lokacin da ta zo. Ta zagaya keken, ta taka shi sau biyu, ta saurari ƙararsa.

"Wannan ai ba shi da ciwo. Me ya yi miki, 'yar nan?"

Raihana ta yi mata bayani, har ta zana ƙafafun a bayan wani kwali. Da ta ga tsohuwar tana saurare, sai ta ƙara da cewa, "Ke ma Inna da za ki shiga, yadda kika san gidaje, ai wata guda ya ishe ki zama Tauraruwa. In sa ki a ƙafata ta dama."

"Ni da ke fama da tawa ta hagu," in ji Inna Adama. "Miƙo robar in gani."

Aka miƙa mata wadda Fadila ta bari ta gwaji. Ba ta kalli rubutun ba. Ta buɗe murfin, ta rufe, ta sake buɗewa, ta ƙwanƙwasa gindin da farce.

"Roba mai kyau. Tun yaushe ake shan abin a garin nan?"

"Ya kai wata tara. Kowa na sha, Inna."

"Su wa da wa?"

Raihana ta lissafa mata matan da ke ƙarƙashin Fadila, gida goma sha tara. Inna Adama ta gyaɗa kai a kan kowane suna. Ta sa aka kira mai baro ya ɗauki keken zuwa gidanta, ta ce a ba ta mako guda.

Mako ya wuce, na biyu ya kama. Fadila ta fara kiran waya safe da yamma, tana cewa ranar Juma'a za a rufe garaɓasar shiga, bayan haka kuɗin zai tashi. Sai kuma labari ya iso wa Raihana cewa tun kwana na uku wata mata daga Mai'adua ta taya keken da daraja, Inna Adama ta ce mata ta dakata. Ranar Talata bayan la'asar Raihana ta zo ta ce lallai in raka ta, tunda ni na ce takardu sun cika.

Mun tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake. Keken na jingine a rumfa, an lulluɓe shi da tsohon zane.

"Inna, an ce an taya."

"An taya."

"To me aka tsaya jira? Ko la'adar ce ta yi kaɗan?"

Na ce, "Raihana!" Inna Adama ta ɗaga mini hannu.

"Bar ta, Malam, kekenta ne. Zauna, 'yar nan. A madafarki, a cikin me kike zuba yaji?"

"Gwangwanin madara."

"Kuka fa?"

"Robar man shafawa."

"Kanwa?"

"Inna, ni maganar keke na zo."

"Ita nake yi. Tunda nake shiga gidajen garin nan ban taɓa ganin macen da ta yar da mazubi mai murfi ba. Abin da ake ci, fankonsa a madafa yake ƙarewa. In sabuwar madara ta shigo kasuwa, wata biyu ya isa in ga gwangwaninta cike da daddawa. Da haka nake gane kayan da ke tafiya, ba da bakin mai talla ba. To ga roba mai murfin da ko tururuwa ba ta shiga, wata tara a gari, wai kowa na sha. Gida goma sha tara na shiga. Na sha ruwa a kowanne, na leƙa kowace madafa. Ban ga koren murfi a kan yajin kowa ba."

Raihana ta ce wataƙila suna yarwa.

"Matan Daura?"

Inna Adama ta ci gaba da tsince wakenta.

"Robobin suna nan," in ji ta. "Ƙarƙashin gado, saman sif, bayan ƙofa, da ledarsu ba a ɓare ba. Guda ɗaya tak na gani fanko, a gidan Barakatu. Har na yi murna. Na ce ashe kin shanye. Ta ce a'a, awaki ta juye wa, robar take so."

Na ga ya kamata in ce wani abu, sai na ce, "Amma Inna, suna da rijista da hukuma."

"Madalla. Rijistar ta ce ana sha?"

Na yi tunani da gaske kafin in amsa. Na ce a'a, rijistar ba ta ce haka ba.

"Ni ban ce ɓarayi ne ba, ban gan su ba," in ji ta. "Abin da na sani, tawa la'adar daga hannun wadda za ta ɗaura zanen take fitowa. Tasu kuwa daga hannun wadda ta shigo bayanki. In ba mai sha, to ke ce mai sayen, 'yar nan, sun dai ba ki sunan mai sayarwa. Amma ba zan riƙe miki kaya ba. Daga yau zuwa Juma'a ki samo mini fanko uku a gidan da ba a ba su lamba ba, waɗanda suka saya don su sha. Ki kawo, in kira matar Mai'adua a gabanki, la'adar ma na yafe. In kuma ba ki samo ba kika ce in sayar, zan sayar. Sai dai ki faɗa da bakinki."

Raihana ta tashi ba sallama. Laraba ta shiga gidaje shida, ba ta samu fanko ko ɗaya ba. Alhamis ta tafi gidan Fadila, ta ce ta taimaka mata da fanko ɗaya za ta zuba maɓallai. Fadila ta ce babu. Raihana ta ce to wadda take sha fa, ko ta kusa ƙarewa? Fadila ta yi dariya ta ce ita ina ta ga kuɗin shan wannan abu mai tsada. A bayanta katan-katan ne jere har bakin taga, an shimfiɗa musu leshi an ɗora agogo.

Juma'a ta zo ta wuce. Ranar Asabar da hantsi Raihana ta aika mai baro ya dawo da keken. Wata biyu ba ta gaishe da Inna Adama ba, domin ba a saurin yafe wa wanda ya yi gaskiya a gaban yayan mutum. Kamfanin kuwa bai rushe da ƙara ba. Kiran waya ne ya yi ta raguwa, taron Katsina ya koma sai wani watan, har aka daina tambaya. Mata da yawa sun rasa awaki da sarƙoƙi a ciki. Wasu Inna Adama ce ta sayar musu da hannunta, bayan ta faɗa musu abin da ta faɗa wa Raihana, suka ce sun ji, ta sayar.

Gab da ƙaramar Sallah Raihana ta ɗinka riga da zane da kallabi, ta kai mata da kanta, ta durƙusa ta gaishe ta. Ba wadda ta tayar da tsohon zance. Inna Adama ta juya rigar ciki waje, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ce kalmasar hannun hagu ta ɗan karkace. Ta sa kayan ranar Idi, ta shiga gidajen da ta saba shiga, duk wadda ta yaba ta gaya mata telar. Kafin babbar Sallah ta kawo wa Raihana ɗinkin gida biyar, har da na wani biki a Mai'adua. A kan kowanne ta karɓi la'adarta cif, ba ta rage ko sisi ba. Allah ya saka mata da alheri, ya ƙara mata lafiya.