Da Hausa Ta Faɗa

A Matameye idan ka tambayi gidan Hafsatu mai kitso har yau za a nuna maka, ko da yake rabonta da kama kan mutum shekara huɗu ke nan. 'Yar Dungu ce, cikin masu noman rake ta tashi, amma ita tun tana mitsitsiya ba abin da ya dame ta sai gashin mutane. Ta kitsa ƙannenta, ta kitsa 'ya'yan maƙwabta, har gemun masara bai tsira ba. Da aure ya kawo ta Matameye gidan Lawali, kafin shekara ta zagayo matan unguwa sun san inda za su kai kansu in biki ya matso. Hannunta da sauri, bakinta ya fi hannun. Mace za ta zauna a gabanta a ja mata gashi har idonta ya kawo ruwa, a kuma yi mata gorin ƙazanta, amma sati biyu ba za su cika ba sai ga ta ta dawo.

Lawali kuwa mutum ne mai sanyi kamar randa. Damina yana gona, da an kai amfani gida sai ya rataya jaka ya nufi Kano cin rani, yana sayar da shayi a bakin wata tasha. Duk watannin da ba ya nan, yatsun Hafsatu ne ke riƙe da gidan da 'ya'yansu uku. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Tana son mijinta, kuma ba ta ɓoyewa, abin da matan unguwa suka sha yi mata tsiya a kai.

Wata bazara, kwana shida da dawowarsa, yana gyaran danga bayan azahar sai ya dafe ƙirji ya zube. Hafsatu ta yi abin da kowa zai yi in mutum ya suma: ta suri buta ta sheƙa masa ruwa, ta ƙara da kwano. Ya buɗe ido. Maƙwabci ya saka su a mota zuwa wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bakin hanya. Likita ba ya nan, sai wata ma'aikaciyar jinya, Mariama, yarinya 'yar Tsauni, doguwa marar yawan magana. Ana ɗora Lawali a gado numfashinsa ya ɗauke.

Mariama ta yage masa riga, ta danna ƙirjinsa, ta danna, sannan ta jawo wata na'ura mai hannuwa biyu kamar dutsen guga, wadda ake buga wa zuciya wutar lantarki da ita don ta dawo daidai. Hafsatu na riƙe da hannun mijinta, zanenta da hannunta duk a jiƙe, tana laƙanta masa kalmar shahada. Mariama ta yi wata magana da Faransanci. Sai ta juyo ta ce, "Yaya, saki hannunsa." Ta sake cewa, da ƙarfi, "Saki shi, wuta ce." Hafsatu ta ji, sarai ta ji. Ta sassauta har Mariama ta mayar da ido kan na'urar, sai zuciyarta ta ce mata wace irin mace ce za ta saki mijinta yana barin duniya. Ta sake cafke shi.

Mariama na danna na'urar wutar ta yi jifa da Hafsatu, ta faɗi kan hannunta na dama. Da ta dawo hayyacinta, Lawali na numfashi, ita kuma wuyan hannunta ya karye, tafin ya ƙone. Karaya ta haɗe bayan wata biyu, amma yatsu uku suka ƙi lanƙwasuwa. Ta gwada kitsa 'yarta Fati, gashin yana zamewa daga hannunta. Ranar ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Nan ne Nasiru ya shigo maganar, ƙanen Lawali, wanda ya yi boko a Damagaram kuma ba ya bari a manta da hakan. Ya ce wannan ba ƙaddara ce kawai ba, akwai haƙƙi, kuma doka ta ba ta damar neman diyya. Gaskiya ne kuwa, har wayar na'urar an ce ta tsufa, an naɗe ta da salatif. Ya kai ta wurin wani lauya a Damagaram. Lauyan ya saurare ta, ya cire tabarau ya ce tambaya ɗaya ce za ta yanke shari'ar nan: an gargaɗe ta ta saki, ko ba a gargaɗe ta ba?

Kafin ta buɗe baki Nasiru ya riga ta, yana kiran lauyan da laƙabin lauyoyi na Faransanci. "Metir, kai ma ka san halinsu. Da Faransanci suke yi wa mutane magana, kamar a can aka haife su. Matar yayana ko ajin farko ba ta shiga ba."

Lauya ya dube ta. "Da Faransanci ta faɗa?"

Hafsatu ta kalli yatsunta. Ta tuna lokacin tafiya cin rani ya kusa, ga Lawali likita ya hana shi aikin ƙarfi, ga yara. Ta ce, "Da Faransanci."

Ƙarya ce mai sauƙin shiga, don ba wanda bai taɓa tsayawa a asibiti ana magana a kansa da harshen da ba ya ji ba. Kowa ya yarda nan take. A gaban alƙali Hafsatu ta maimaita, muryarta ko rawa ba ta yi ba, ta saba da magana cikin mutane. Mariama ta ce tana ganin ta faɗa da Hausa. Lauya ya ce, tana gani ne ko ta tabbata? Yarinyar ta ce abin ya faru da sauri. Mai asibitin, da ya ga inda za a sauke kaya, ya bar maganar tsohuwar waya ta nutse, ya ce sakacin ma'aikaciya ne. Ya biya diyya, ya sallami Mariama.

Da kuɗin Hafsatu ta sayi firji, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Gida ya tsaya da ƙafarsa. Lawali ya murmure har ya koma shayinsa. Mutane suka ce Allah ya ƙwato mata haƙƙinta, ita kuma tana amsawa da amin. Amma bakin nan nata mai kaifi ya mutu. Duk sanda ta ga mijinta yana alwala a tsakar gida, da rai da lafiya, sai ta tuna wadda ta dawo mata da shi, kunya ta rufe ta. Sau biyu tana ɗaura niyyar gaya wa Lawali, sau biyu tana fasawa.

A shekara ta uku wata mai sayen ƙanƙara ta ambata mata cewa Mariama na Tsauni gidan ubanta, ba wani asibiti da ya sake ɗaukarta, taliya take murzawa tana sayarwa. Washegari Hafsatu ta hau kabu-kabu.

Ta same ta a zaure, hannu duk gari. Mariama ta gane ta, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, idonta na kan yatsun nan uku. Tun ba a gama gaisuwa ba ta ce, "Yaya, na so in zo in roƙe ki gafara, kunya ce ta hana ni."

Hafsatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Madam, da Hausa kika faɗa. Sau biyu. Na ji ki, ni ce na ƙi saki."

Mariama ta daɗe tana kallonta. "Na faɗa?"

"Kin faɗa."

"Da Hausa?"

"Wallahi da Hausa."

Yarinyar ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba. Ta ce da farko ta tabbata ta faɗa, amma da ta ji babbar mace ta rantse a gaban alƙali, sai ta fara zargin kanta, har ta yarda ita ta nakasa ta. Ta ce bara wani asibiti a Yauri ya neme ta, ba ta je ba, don ba ta ƙara amincewa da kanta a kan marar lafiya ba. Ba ta ɗaga murya ba, hawaye ne kawai ke zuba kan garin da ke hannunta. Can ta share fuska ta ce, "Ya jikin maigidan?"

"Lafiyarsa lau, yana Kano."

"To, alhamdu lillahi."

Hafsatu ta ce za ta koma gaban alƙali ta faɗi gaskiya in ana so, ta kuma roƙe ta ta yafe mata don Allah. Mariama ta miƙe ta koma kan injin taliyarta. Ta ce, "Na gode da kika zo, Yaya. Maganar yafiya kuwa, kar ki tambaye ni yau."

Shekara guda ke nan. Hafsatu ta gaya wa mijinta, ta je wurin lauyan ya ce shari'ar da aka rufe ba ta buɗuwa da sauƙi. Ta koma Tsauni sau huɗu. Kullum Mariama na shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa, su gaisa, su yi hirar yara da tsadar gari, kuma har yanzu ba ta ce mata ta yafe ba.